Alƙali, Al'ada da Igiyar Aure: Darasi Daga Kotunan Amurka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala da malaman fiƙihu suka daɗe suna bincike a kanta, watau idan halin jama'a ya sake, shin hukunci yana sakewa tare da shi? Gardamar da aka yi a Amurka kan auren jinsi ɗaya misali ce da za ta fito da mas'alar fili.

A shekarar 1970 waɗansu maza biyu suka nemi takardar aure a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, aka hana su. Suka kai ƙara, kotunan jihar suka kore ta, kuma a 1972 Kotun Ƙoli ta ƙasa ta sallami ɗaukaka ƙararsu da jimla ɗaya tak. A 1996 Majalisar Tarayya ta yi dokar da ta ce aure, a wurin gwamnatin tarayya, tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Dattawa 85 suka yarda, 14 suka ƙi, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu.

Ba a cika shekara ashirin ba al'amarin ya juye. Kotun Ƙolin jihar Massachusetts ta halatta wannan aure a 2003. Mutanen Kalifoniya suka hana shi ta ƙuri'a a 2008, wata kotun tarayya ta rushe hanin a 2010. Ran 26 ga Yuni 2015 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta wajabta wa dukan jihohi su ɗaura shi kuma su amince da shi. Babban Joji John Roberts yana cikin waɗanda suka saɓa, hujjarsa kuwa ita ce kotu ba majalisa ba ce, jama'a ya kamata a bar wa maganar.

Abin lura shi ne masu rinjaye sun dogara ne ga gyara na 14 na tsarin mulki, wanda aka yi tun 1868. Wannan nassi yana nan a 1972 lokacin da aka sallami ƙarar farko, ko harafi bai ƙaru ba. Abin da ya sake shi ne zukatan mutane. Ƙididdigar kamfanin Gallup ta nuna kashi 27 cikin ɗari ne suka goyi bayan irin wannan aure a 1996, amma a 2015 sun kai kashi 60. Alƙali ɗan zamaninsa ne, da idon zamanin yake karanta doka. Majalisa ma ta bi sahu a 2022, ta soke dokar 1996.

To, Musulunci bai rufe ido ga al'ada ba. Ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu ita ce ana hukunci da al'ada, kuma Malikawa sun fi kowa faɗaɗa wannan babi. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a shekarar 684 ta Hijira, ya yi gargaɗi mai tsanani ga muftin da zai daskare a kan abin da ya tarar a littafi alhali al'adar da aka gina hukuncin a kanta ta gushe. Saboda haka gwargwadon ciyarwa da tufatarwa, da sadakin da ya dace da mace irin wance, da ma'anar kalmomin da ake sakaya saki da su, duk suna bin gari da zamani. Abin da ya ishi iyali a Kano a zamanin Shehu ba shi ne zai ishe su yau ba.

Amma malamai sun gindaya sharaɗi: kada al'ada ta yi karo da nassi. Giya da riba al'adu ne masu ƙarfi a jahiliyya, yawan masu yinsu bai tsirar da su ba. Rukunan aure a mazhabar Malik su ne waliyyi, da sadaki, da siga, da mahalli, watau miji da mata waɗanda babu abin da ya hana aure tsakaninsu. Alƙur'ani ya yi bayanin aure a Suratun Nisa'i da Suratur Rum a matsayin haɗuwar namiji da mace, ya kuma kawo ƙissar mutanen Annabi Luɗu a surori da dama. Babu saɓani a nan tsakanin mazhabobi huɗu. Ɗaurin da ya rasa mahalli bai ƙullu ba tun asali.

Haka nan matsayin alƙali ya bambanta. Hadisin Ummu Salama, wanda yake cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya nuna cewa wanda aka yanke wa hakkin ɗan'uwansa saboda iya zance bai sami halal ba. Daga nan jamhurun malamai suka ce hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Ko Imam Abu Hanifa, da ya sassauta a babin ƙulle-ƙulle, ya sharɗanta mahallin ya zama mai karɓar ƙullin.

Musulmin da ke zaune a Amurka ya san hukuncin 2015 ofisoshin gwamnati ya ɗaure, bai tilasta wa limami ɗaura abin da addininsa ya hana ba. Nijeriya kuwa ta bi wata hanya: a Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta hana auren jinsi, da hukuncin ɗaurin shekara 14.

Sai dai shari'ar da ta hana wannan aure ita ce kuma ta hana bin diddigin asirin mutane, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurati. Jifar mutum da wannan aiki ba tare da shaidu ba ƙazafi ne a wurin Malikawa, haddinsa bulala tamanin. Zartar da hukunci kuwa aikin hukuma ne bayan shari'a a gaban alƙali, ba a bai wa taron unguwa ko mai wa'azi wannan iko ba. Allah shi ne Masani.