Ɗaukar Hoton Abin da Ido Ba Ya Gani: Darasi Daga Samaniyar Garin Lafiya

Gabatarwa

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da taurari, alhali ga nahawu da tsarin sauti ba mu gama da su ba. Amsar ita ce, harshen da ba a kai shi sabuwar gona ba, ba za a san kaifinsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masu sha'awa, waɗanda ba sana'arsu ba ce, ke ɗaukar hoton sassan biranen taurari masu raunin haske, da kuma yadda na gwada abin da kaina a wajen garin Lafiya na sha kunya. A kan hanya dole in ƙirƙiri wasu kalmomi, kuma 'yan uwa ɗalibai na da damar su karɓa ko su yi watsi da su.

Kalma ta farko

Abin da Turawa ke kira galaksi shi ne tarin taurari biliyoyi da ƙura da iskar gas, waɗanda ƙarfin jan juna ya ɗaure su wuri guda. A kafafen labarai na kan ji ana cewa "gungun taurari". Ban gamsu da wannan ba, domin Kaza da 'Ya'yanta ma gungu ce, amma nisanta bai wuce tafiyar haske ta shekara 440 ba, tana nan cikin gidanmu. Saboda haka na zaɓi "birnin taurari": yana da tsakiya mai cunkoso, da unguwanni, da bayan gari inda gidaje ke raguwa har a shiga daji. Wannan bayan garin shi ne abin da muke farauta.

Babban birnin da ya fi kusa da namu shi ne Andromeda, wanda ake yi wa lamba M31. Haske na gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, daga rana zuwa nan minti 8 da 'yan kai yake yi, amma daga Andromeda shekara miliyan 2.5 yake ɗauka. Duk da haka ido na iya ganin sa a daren duhun wata. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambace shi a littafinsa na taurari a wajajen shekarar 964, inda ya siffanta shi da ɗan ƙaramin gajimare. A 1888 wani ɗan kwangilar gine-gine a Birtaniya, Isaac Roberts, ya bar faifan hotonsa a buɗe na awa 4, sai ga hannuwan birnin masu murɗewa sun bayyana. Sai a 1923 Edwin Hubble ya samo a cikinsa irin tauraron da ake auna nisa da shi, aka tabbatar cewa ɗan gajimaren nan wani birni ne daban.

Abin da ido ke gani tsakiyar ce kawai. A hoto, tsawon Andromeda a sama ya kai faɗin cikakken wata sau 6.

Me ya sa ido ba ya gani?

Ido ba ya ajiya. Hasken da ya shigo yanzu, yanzu zai wuce. Ita kuwa kamara kamar tulu ce a ƙarƙashin indararo: ko yayyafi ake yi, in an bar ta za ta tara. Tsawon lokacin da aka bar ta tana tarawa na kira shi "buɗi", wato buɗin daƙiƙa 3, buɗin minti 5, da sauransu.

Sai dai akwai matsala biyu. Ta farko, duniya na juyawa, taurari na gusawa digiri 15 kowace awa, don haka in buɗi ya yi tsawo sai taurari su zama layi-layi. Masu hali kan sayi injin da ke juya kamara ta bi sama sannu a hankali. Marar hali kuwa sai ya gajarta buɗinsa. Ta biyu ita ce babba: kowane hoto na zuwa da ɗige-ɗige barkatai waɗanda ba daga sama suke ba, ko kuma daga rashin daidaiton isowar hasken ne. Masu fassara kai tsaye za su ce "hayaniya", to amma hoto ba ya ƙara. Ni "tsaki" na kira shi, irin wanda ke saura a rariya in an tankaɗe gari, domin kamanninsa ke nan sak a fuskar kwamfuta. Wanda ya kwana yana aiki ya tarar da hotonsa cike da shi, zai yi ɗayan tsakin ma.

Maganin tsaki shi ne jibgawa. A ɗauki hoton wuri ɗaya sau ɗari ko sau dubu, manhaja ta daidaita taurarin bisa juna, ta fitar da matsakaici. Hasken gaskiya na nan a wuri ɗaya cikin kowane hoto, don haka yana tabbata. Tsaki kuwa yau yana nan gobe yana can, sai ya riƙa cinye kansa. Amma a lura da lissafin, don a nan mutane ke karaya: hoto 100 na tsabtace aiki sau 10 ne kawai, hoto 400 sau 20. In kana son ninka kyawun hotonka sau biyu, sai ka ninka wahalarka sau huɗu.

Wanda ya taɓa fita tattara bayanai a karin harshe ya san wannan. In ka ji mutum ɗaya ya furta kalma wani iri, ba ka sani ba ko karin garinsu ne, ko tuntuɓen harshe, ko mura yake yi. Sai ka ji mutum arba'in tukuna ka rubuta.

Me ake nema a bayan gari?

Manyan birane na cinye ƙanana. Idan ƙaramin birni ya matso kusa da babba, ƙarfin jan babban zai yayyage shi, taurarinsa su zube a kan hanyar da ya bi, kamar buhun gero mai huji a bayan keke. Wannan zubin na kira shi "jela". Daga siffar jela masana ke karanta tarihin birnin, har su auna nauyin abin da ke cikinsa wanda ba ya ba da haske. Wahalar ita ce, jela kan fi samaniyar dare mafi duhu rauni sau 100 ko fiye. Wato kana neman farin zare ne a kan farin zane.

A nan masu sha'awa suka yi rawar gani, domin manyan madubin hangen nesa layi ake bi, ba mai ba ka dare ashirin a kan abu ɗaya, shi kuwa mai sha'awa lokacinsa nasa ne. A 2008 masani David Martínez-Delgado da wani mai sha'awa Ba'amurke, R. Jay GaBany, sun fitar da hoton birnin NGC 5907 da aka ɗauka da madubi mai faɗin rabin mita a jihar New Mexico. Hoton ya nuna jela ta naɗe birnin zagaye biyu, ya kuma yi suna ƙwarai. A 2019 ayarin Pieter van Dokkum na Jami'ar Yale suka duba wurin da na'urar Dragonfly, wadda gilasan kamara na Canon guda 48 ne aka ɗaure wuri ɗaya. Sun ga jela, amma guda ɗaya doguwa mai lanƙwasa, ba su ga zagaye na biyun ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A watan Janairun 2023 kuma wasu masu sha'awa uku, Marcel Drechsler na Jamus da Xavier Strottner da Yann Sainty na Faransa, suka sanar da wani baka mai launin shuɗi-kore dab da Andromeda, bayan tara buɗi na sama da awa 100 ta matacin da ke barin hasken iskar oksijin kaɗai ya wuce. An fi shekara 130 ana ɗaukar hoton wurin ba wanda ya lura da shi. Hoton ya ci gasar hotunan samaniya ta Greenwich a wannan shekarar. Binciken da ya biyo baya ya karkata ga cewa bakan a cikin namu birnin yake, ya dai faɗo a kan layin kallonmu ne.

Gwajina

Wannan labarin ne ya tunzura ni. Garin Lafiya na kan digiri 8 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka Andromeda kan hau har digiri 57 a samanmu, tsayin da ya wadatar. Matsalarmu lokaci ce. Daga Afrilu zuwa Oktoba hadari ne, daga Disamba kuma hazo ya sauka, ga hayaƙin ƙunar daji. Hazo ya fi gajimare sharri, domin gajimare kana ganin sa ka haƙura, shi kuwa hazo sai ya bar maka manyan taurari ya haɗiye abin da ka zo nema. 'Yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo su ne kakarmu, kuma a cikinsu ma sai daren duhun wata.

A ƙarshen Oktoban 2024 na je wurin yayana mai ɗaukar hoton biki.

"Yaya, aron kamara nake so na kwana biyu."

"Bikin wa za a yi?"

Da na ce taurari zan ɗauka, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in gilashin nan ya sami ko ƙwarzane ne, in nemi wani yayan. Ya ba ni kamarar da gilashi mai milimita 85 da abin kafawa mai ƙafa uku. Na tafi gonar kawuna ta wajen hanyar Doma, bayan ya sanar da mai unguwa cewa wanda za a gani tsaye da dare ɗansa ne. Kada wanda ya tsallake wannan matakin. Mutum a gona da tsakar dare da baƙin ƙarfe a kafe, ba kowa zai tsaya tambaya ba.

Bayan isha'i na kashe tocila da waya na zauna minti 30 har ido ya saba da duhu. Na nemo taurari biyar masu siffar harafin W a arewa maso gabas, da babban murabba'in taurari huɗu can sama da gabas, na laluba tsakaninsu. In ka kalli Andromeda kai tsaye sai ya ɓace, sai da wutsiyar ido ake kama shi, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin raunin haske. Na buɗe gilashin sosai, na sa ISO a 1600, na daidaita gani da hannu a kan wani tauraro mai haske har ya zama ɗigo. Buɗin daƙiƙa 3 na yi, sau 300, ina gyara saiti duk bayan 'yan mintoci saboda birnin na zamewa. Jimilla minti 15 ke nan na haske. Daga nan na rufe bakin gilashin na ɗauki baƙaƙen hotuna 30, waɗanda ke nuna tsakin kamarar kanta don manhaja ta debe.

Akwai wasu hotunan da ake ɗauka na fili mai haske bai ɗaya, kamar samaniyar asuba ta bayan farin ƙyalle, don gyara duhun kusurwoyi da inuwar ƙurar da ke kan gilashi. "Hotunan shimfiɗa" na kira su. Barci ya ci ƙarfina, na ce ba su da muhimmanci.

Washegari na jibga hotunan da manhajar Siril, wadda kyauta ce. Abin da ya fara fitowa baƙi ne ƙirin da 'yan ɗige-ɗige. Sai an "ja" hoton, wato a ɗaga sassan da ke kusa da baƙi su yi haske, kafin a ga komai. Na ja kaɗan, sai ga Andromeda kwance a karkace, ga layin ƙura mai duhu a gefensa, ga ƙananan maƙwabtansa biyu, M32 da M110. Na ƙara ja. Sai wani haske dishi-dishi ya miƙe daga birnin ya nufi kudu maso gabas.

Gabana ya faɗi, domin na karanta cewa a 2001 Rodrigo Ibata da abokan aikinsa sun gano wata ƙatuwar jela da ta fito daga Andromeda ta wannan ɓangaren. Kafin azahar na tura wa rabin ajinmu hoton, har da kibiya.

Da na natsu na sake karantawa, sai jikina ya yi sanyi. Su Ibata da madubin Isaac Newton mai faɗin mita 2.5 suka yi aiki, a tsibirin La Palma, kuma ba ganin jelar suka yi kamar hayaƙi ba: taurarinta suka ƙirga ɗaya bayan ɗaya, suka ga sun fi yawa a wani layi. Ta yaya minti 15 da kamarar biki za su kamo ta? Na koma gonar a dare na biyu, amma na jira har ƙarfe ɗaya, lokacin da Andromeda ya ketare ya karkata arewa maso yamma, na kuma juya kamarar a tsaye maimakon a kwance, na ɗauki hotunan shimfiɗa da asuba. Da na jibga na ja, jelata ta tafi. Daga hanyar Doma garin Lafiya na arewa maso gabas ne, daidai ƙarƙashin inda Andromeda yake a daren farko. Fitilun gari na ɗauka, duhun kusurwoyin gilashi kuma ya gyara musu siffa suka yi kama da jela.

Ƙa'idar ke nan da masu wannan aiki ke bi: abin da ke sama yana tafiya tare da taurari, abin da ke cikin kamara yana juyawa tare da kamara, abin da ke fitowa daga gari yana zaune wajen gari. Sai abu ya tsaya a wurinsa bayan an sauya dare da kusurwa da kayan aiki, sannan wani a wata ƙasa ya gan shi, kafin a ba shi suna. Su Drechsler sai da suka sa wasu suka ɗauki wurin da wasu maduban kafin su yi magana. Zagaye na biyu na NGC 5907 kuwa, a irin wannan jarrabawar aka sa masa alamar tambaya, kuma masu hoton ƙwararru ne.

Wanda zai gwada daga Lafiya, ya fita ta arewa, wajen Shabu ko gaba, don gari ya kasance a bayansa idan ya fuskanci Andromeda. Ya tanadi batir biyu, ya rufe gilashi daga raɓa, kuma ya ɗauki hotunan shimfiɗa ko da idonsa na rufewa.

Saura kalma ɗaya da ta gagare ni. Wannan hasken da ke yin yawa a gefe ɗaya na hoto ya riƙa raguwa zuwa ɗaya gefen, wanda ya yaudare ni, na gwada kiran sa "gangaren haske", wani abokina ya ce "zirnaniya" ta fi, wata kuma ta ce ai "rinjaye" ne kawai. Wanda ke da wadda ta fi waɗannan, ya kawo ta ofishin mujalla kafin fitowa ta gaba.