Darasi: Shugaban Makaranta da Hikimar Zama da Mutane

A shekara ta 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Thorndike, ya bayyana cewa akwai basira dabam da ta littafi, wato iya fahimtar mutane da tafiyar da su cikin hikima. Mu a nan muna ce mata iya zama da mutane. Shugaban makaranta yana bukatarta fiye da kowa.

Mu dubi arewacin Jihar Yobe. Daga Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tsaya, zuwa Gashuwa, mazaunin Masarautar Bade, har ƙauyuka irin su Kumagannam, aji ɗaya yakan tara 'ya'yan Mangawa, Badawa, Hausawa da Fulani. Wani ɗan manomi ne, wani ɗan masunci, wani ɗan makiyayi. Shugaban da bai san lokacin girbi ko ranar kasuwa ba zai hori yaro kan makara, alhali iyaye ne suka aike shi.

Akwai kuma tsoro. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantar kwana ta Dapchi, kan hanyar Damaturu zuwa Gashuwa. Aka sako yawancinsu bayan wata guda, amma ba a sako Leah Sharibu ba. A 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Gwamnati tana iya gina katanga da ajujuwa, amma uba ba zai mayar da 'yarsa makaranta ba sai ya amince da wanda zai riƙe ta.

Yaya ake samun wannan amana? Na ɗaya, shugaba ya saurara kafin ya yanke hukunci. Na biyu, ya gyara malami a keɓe, ba a gaban ɗalibai ba. Na uku, ya ziyarci mai unguwa, liman da fasto tun kafin matsala ta taso, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, ya faɗa wa iyaye gaskiya, ko da mai ɗaci ce.

Iyaye, mu ma da namu nauyin: mu halarci taron iyaye da malamai.

Tambayoyin nazari:
1. Ka san shugaban makarantar yaranka? Yaushe kuka yi magana?
2. Wane hali cikin huɗun nan gidanka ya fi bukata?