Allurar Maƙoƙo Ba Ta Yaɗa Ciwo

Tambaya: Mahaifiyata na da maƙoƙo. Likita a Gummi ya tura mu Sakkwato a tsira mata allura a wuya. Ana cewa taɓa shi na yaɗa daji. Mu je?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ku je, kada ku jinkirta. Yawancin maƙoƙo ba daji ba ne, amma ido ba ya tantancewa. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, siririyar allura ake sawa a zuƙo ɗan abin da ke cikin kumburin, a duba da madubin likita. Aikin 'yan mintuna ne, kada tsoron yaɗuwa ya hana ku.

Dajin maƙoƙo iri-iri ne. Nau'in fafilari, wanda ya fi yawa kuma yake jin magani sosai, allura na gano shi. Folikula kuwa yana kama da ƙari marar illa, sai an yi tiyata an cire ake rarrabewa. Don haka idan sakamako bai yanke hukunci ba, ba sakaci ba ne. Medulari ana ƙara masa gwajin jini.

Idan muryarta ta dishe, ko haɗiya na mata wuya, ko kumburin na girma da sauri, ku tafi cikin makon nan.