Kakin Da Ya Ƙi Fita Daga Ƙirji



Idan hunturu ya shigo Haɗeja, kusan kowace unguwa muna jin tarin wani dattijo tun asuba. Na wani mura ce ta kwana biyu. Wani kuwa shekara da shekaru kullum sai ya tara kaki a gwangwani. Cikin abubuwan da ke jawo haka akwai ciwon da likitoci ke kira buronkiyektasis. Hanyoyin iska na huhu ne ke buɗewa su lalace, sai kaki ya kwanta ciki kamar ruwan da kogi ke bari a fadama bayan ambaliya, ƙwayoyin cuta su samu gida. Yakan biyo bayan tarin fuka, ƙyanda ko limoniya, kuma hayaƙin itace da na bandar kifi na tsananta tarin. Shi kansa ciwon ba a ɗaukarsa, saboda haka ba mu ga dalilin gudun mai shi ba.

Hanyar da ta buɗe ba ta komawa yadda take, amma ana iya kwashe kakin kullum. Mutum zai zauna ya saki kafaɗa, ya yi numfashi a hankali kamar daƙiƙa 30. Sai ya ja dogon numfashi ta hanci, ya riƙe daƙiƙa 3, ya saki, sau 3 ko 4. Daga nan sai huci: ya buɗe baki ya turo iska, kamar zai dusashe madubi. Mun gwada a aji, har dariya ta kama mu, amma hucin nan shi ke ɗago kakin sama, kuma bai kai tari gajiyarwa ba. Sai kakin ya zo maƙogwaro sannan a yi tari. A maimaita na minti 10 zuwa 15, safe da yamma, kafin cin abinci. Shan ruwa sosai na sa kakin ya yi laushi.

Mu ma muna da aiki. Idan Baba ya kwanta ta gefe, sai mu lanƙwasa tafin hannu kamar ludayi, mu riƙa bubbuga haƙarƙarinsa ta kan riga, ban da ƙashin baya da ciki. Amma sai ma'aikacin lafiya ya nuna mana tukuna.

In aka ga jini a kaki, ko zazzaɓi ya taso, a tsaya, a tafi Babban Asibitin Haɗeja. Tarin da ya wuce mako 2 kuma a gwada shi, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati.