Wa Zai Ɗauki Nauyin Makaho Da Gurgu? Darasi Daga Ƙasar Yawuri

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Yelwa, ko ƙofar masallacin Juma'a a Wara ko Shanga, ya san layin makafi da guragu da ke zaune suna jiran abin da Allah Zai hore. Mutane da yawa suna zaton idan sun jefa ɗan canji a ƙoƙon bara sun sauke abin da ke kansu. To, shari'a ba haka ta tsara al'amarin ba.

Farkon wanda nauyin ya hau kansa shi ne uba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin miji. Amma idan yaro ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, kamar makanta ko taɓin hankali, ciyarwar ba ta faɗi ba, tana nan a wuyan uban. Haka kuma ɗa mai hali wajibi ne ya ciyar da iyayensa matalauta. Sai dai fa wajibin bai wuce nan ba: alƙali ba ya tilasta wa mutum ciyar da wansa ko ƙanensa ko ɗan ɗan'uwansa, ko da yake yanke zumunci laifi ne babba. Ashe ke nan makahon da ubansa ya rasu, kuma ba shi da ɗa mai hali, ba shi da wanda zai kai ƙara. A nan ne nauyin ya koma kan jama'ar gari, ya zama farilla ta kifaya, watau idan babu wanda ya yi, kowa ya yi laifi.

Wannan mas'ala ta shafi ƙasar Yawuri ƙwarai, saboda abin da ruwa ya yi wa zumuncinta. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, tabkin ya cinye tsibirai da fadamu, aka tayar da mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa da sauran mazauna bakin kogi suka bar gonakin albasa da kufan kakanni. A tsohon ƙauye makaho ya san hanyar rafi da ƙafarsa, ya san muryar kowa. A sabon wuri sai da ɗan jagora. Kuma makafin ba kaɗan ba ne, domin ɗan baƙin ƙudan nan mai haddasa makantar kogi yana hayayyafa ne a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, kamar gaɓar Kwara. Tun daga 1987 kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta, cutar ta ja baya sosai, har a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Jamhuriyar Nijar ta rabu da ita. Amma magani ba ya mayar da idon da ya riga ya tafi. Ga kuma hatsarin jirgin ruwan da ya nufi Wara a watan Mayu na 2021 da mutane fiye da 150, kaɗan suka tsira. Kowane magidanci da ya nutse ya bar waɗanda yake ciyarwa, cikinsu har da tsofaffi da marasa lafiya.

Magabata ba su ɗauki naƙasasshe abin tausayi kawai ba. Saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma shi ne ladanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, tare da Bilal. Sau da dama ma shi ake bar wa Madina idan an fita yaƙi. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a littafinsa na Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara, sai ya ɗauke masa jiziya, ya sa a riƙa ba shi daga baitulmali. Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa naƙasassu albashi, ya ba makaho ɗan jagora, gurgu kuma mai hidima. Abin lura a nan shi ne hukuma ce ta biya ɗan jagoran. A yau kuwa yaro ɗan shekara takwas ne ke riƙe sandar, ya rasa allo, ya rasa boko, makantar mutum ɗaya ta zama jahilcin mutum biyu.

Gwamnati ma ta ɗauki alkawari. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda keken gurgu zai shiga. An kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Doka ce mai kyau, sai dai tsakanin Abuja da ƙauyen da sai an shiga kwale-kwale tafiya ce mai nisa. Ya kamata Sarkin Makafi da Sarkin Guragu na kowane gari, da limamai da dagatai, su san da ita, su rubuta sunayen mutanensu, domin wanda ba ya cikin lissafi ba ya cikin rabo.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne zakka. Wanda ya noma shinkafa ko dawa ko gero har ya kai wusuƙi biyar, watau sa'i 300, zai fitar da ɗaya cikin goma idan noman damina ne, ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban-ruwa aka yi. Albasa da kifi kuwa babu zakka a kansu su kansu, kuma a nan ne wasu attajiran bakin tabki suke rudin kansu. Kuɗin da aka tara daga gare su, idan ya kai nisabi kuma shekara ta kewayo, ana fitar da ɗaya cikin arba'in.

Malaman Malikiyya sun halatta a ba fakiri ɗaya abin da zai ishe shi shekara guda. Saboda haka babu tilas a farfasa zakka mudu-mudu ga mutum ɗari. Ana iya damƙa wa gurgu ɗaya abin da zai sayi keken ɗinki, ko makaho abin da zai yi jarin saƙar igiya da tabarma. Ba a ba wanda ciyar da shi ya wajaba a kan mai zakkar, amma ɗan'uwa da ɗan ɗan'uwa, waɗanda alƙali bai tilasta a ciyar ba, ana ba su. Kuma a garin da dukiyar take a nan ake rabawa, ba a ɗauke ta zuwa nisan da ake yin ƙasaru sai idan mutanen can sun fi bukata. Zakkar shinkafar da aka noma a Ngaski ta fakiran Ngaski ce kafin ta zama ta almajiran Birnin Kebbi.