Almubazzaranci Wajen Sutura da Ɓarnar da Ke Bayansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam tufa domin rufe al'aura da kuma ƙawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan israfi ne, watau ƙetare iyaka wajen amfani da ni'ima. A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya yi umurni da yin ado a wurin salla, kuma a cikin ayar nan Ya hana israfi. Saboda haka ado halal ne, ɓarna ce abin hani.

A zamanin yanzu manyan kamfanoni suna ɗinka tufafi masu araha marasa ƙarko, suna sauya yayi bini-bini, domin mai saye ya jefar da na jiya ya sayi na yau. Arahar nan kuwa akwai masu biyan diyyarta.

Na farko ma'aikata. Ran 24 ga Afrilu 2013, benen Rana Plaza da ke kusa da birnin Dhaka a Bangladesh ya rushe a kan maɗinka, mutum fiye da 1,100 suka rasu. An ga bangon ya tsage tun ana gobe, amma aka tilasta musu komawa bakin aiki.

Na biyu ruwa. Tun wajen 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke kwarara cikin tafkin Aral domin noman auduga a Uzbekistan, ƙasar Imam Bukhari, da maƙwabtanta. Yawancin tafkin ya ƙafe, su ya mutu, ƙura mai gishiri da maganin ƙwari tana cutar da mazauna wurin. Haka kuma wasu sinadaran rini suna sakin guba mai jawo ciwon daji, har Tarayyar Turai ta hana amfani da su a tufafi a 2002. Inda babu tsaro kuwa, dagwalon masana'antu kogi yake zuwa, kamar yadda mutanen bakin kogin Challawa a Kano suka daɗe suna kuka.

Na uku ƙasa. Dilolin gwanjo suna shiga kasuwar Kantamanto a Accra kowane mako, kuma kaso mai yawa tsumma ne da ba ya sayuwa, sai ya ƙare a juji da bakin teku.

Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da teku ga aikin hannuwan mutane. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hanin ƙazantar da mashayar jama'a. Idan najasar mutum guda a bakin ruwa tana jawo la'ana, to, ina ga mai tuttula guba a kogi? Daga cikin ƙa'idojin fiƙihu akwai cewa cuta kawar da ita ake yi.

Abin da ya kamaci Musulmi shi ne ya sayi tufa mai ƙarko gwargwadon bukata, ya gyara wadda ta yage, ya ba mabukaci wadda take da sauran kyau. Masu biki su sassauta ankon da ake ci wa bashi, a sa rana ɗaya a jibge a akwati. Mai masana'anta ya tace ruwansa, ya cika wa ma'aikaci haƙƙinsa, domin kowa za a tambaye shi inda ya sami dukiyarsa da inda ya kashe ta.

Allah Ya sa a gane, Ya ba da ikon aikatawa, amin.