Zan Iya Kai Yara Kogunan Yankari?

Tambaya: Ina son kai iyalina su ga kogunan dutse na Yankari. Ya dace da yara? Magidanci daga Bauchi.

Amsa: Ya dace, Malam, amma ku tafi da rani, tsakanin Disamba da Afrilu. Ku bi hanyar Gombe, ku ratse a Dindima. Kogunan, waɗanda ake kira Kogunan Marshall, guda 59 ne, mutanen dā suka haƙa a jikin dutse, ƙofofinsu matsattsu. Don Allah kada ku nufe su ba ɗan rakiya daga sansanin Wikki, daji ne mai giwaye da ɓauna. Ku riƙi tocila da ruwan sha, ku hana yara zane a bango. Wurin wanka a Wikki, ku ɓoye abinci, gwaggon biri na fizgewa.